Daga Kan Dutsen Kwatarkwashi

Ran nan kwana uku da Babbar Sallah, kuma kwana arba'in da ɗaya rabon Muzdalifa da jin muryar Hamidu. Na farkon kowa a Gusau ya sani. Na biyun ita kaɗai ta san da shi.

Tana zaune a bayan mota ta jingina kai da gilashi, ƙanwarta Ikhlas na gefe tana faman gyara ɗaurin ɗankwali a fuskar waya. Mahaifinsu Alhaji Haliru na gaba, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa. Anwar, ɗan ƙaninsa, shi ke tuƙi. Da hantsi suka baro Gusau suka ɗauki hanyar Tsafe, za su yawon Sallah Dutsen Kwatarkwashi.

Shawarar Alhaji ce. A garin ya fara aikin gwamnati tun yana saurayi, kuma tun da ya yi ritaya babu abin da yake so irin ya samu masu ba shi kunne ya yi ta labarin wuraren da ya zauna. Amma yau kowa a motar ya san ba labari kaɗai ya fito da su ba. Da safe bayan sun gaisa ya ce da Muzdalifa ta zo su fita ta sha iska, ta yi tunani da kyau, in sun dawo da yamma yana so ya ji amsarta a kan auren Anwar.

Bai ce dole ba. Alhaji ba ya cewa dole. Shiru yake yi ya dubi mutum ta saman tabarau, sai mutum da kansa ya nemo dolen ya ɗora wa kansa.

Ita kuwa ta riga ta yanke cewa za ta ce to. Me ya rage mata?

Shekara biyu suka yi suna soyayya da Hamidu, likitan dabbobi, ɗan Fulanin ruga wanda karatu ya kawo birni. A faɗi gaskiya, Alhaji bai ƙi shi don rugar ba. Cewa ya yi a je a yi bincike kamar yadda ake yi wa kowane manemi, ya tura ƙaninsa Baba Jatau, mahaifin Anwar. Baba Jatau ya tafi da safe, ya dawo da la'asar da magana guda. Ya ce ya samu dattijon da ake cewa shi ne uban yaron, wani Malam Mahadi, ya tambaye shi ko Hamidu ɗansa ne. Dattijon ya kawar da kai ya ce ba nasa ba ne, a je a tambayi ƙaninsa.

Shi ke nan. Alhaji ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da uban da yake amsa sunansa ya ƙi amsa shi ba. Ya sa ta yi masa alkawari, ba kira ba saƙo.

Kafin alkawarin ya fara aiki ta kira Hamidu sau ɗaya ta ce Baba ya ce a haƙura. Ya tambaye ta dalili har sau uku, ta ƙi faɗa. Da wane baki za ta ce masa mahaifinka ya ce kai ba nasa ba ne? Ta gwammace ya ɗauka ita ce ta juya masa baya da a ce ta bakinta ya ji wannan. Haka ta haɗiye maganar tana ta cin ta a ciki, ita a ganinta gata ta yi masa.

“Ga shi can,” in ji Alhaji, yana nuni da hularsa.

Dutsen ya taso musu a gaba, baƙi wuluk, ruwan damina ya zana masa layuka daga sama har ƙasa, ciyawa ta fito kore shar a duk inda ta samu tsaga. Garin kuma ya lafe a gindinsa. Ko'ina jama'a ne cikin kayan Sallah, 'yan mata da lalle, masu rake da masu ƙanƙara sun baje a bakin hanya.

Suka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya a bayan gari, inda hanyar hawa ta fara. Alhaji ya dubi dutsen, ya dubi gwiwarsa, suka daidaita a kan cewa yau ba za a hau ba. Aka shimfiɗa masa darduma, aka ajiye masa butar shayi da kwanon soyayyen naman layya. Ya ce su uku su hau, amma azahar ta same su a ƙasa, don yana so su kama hanya kafin la'asar. Hanyar yanzu ba wadda mutum zai bari yamma ta yi masa a kai ba ce.

Suka fara hawa. Ba a yi nisa ba Ikhlas ta tuɓe takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta karɓi wayar yayarta wai tata ta cika da hotuna, ta bi ayarin wasu 'yan mata ta yi gaba.

Aka bar Muzdalifa da Anwar.

Da ma Anwar mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. To ba mugu ba ne. Injiniya ne a ma'aikatar ayyuka, mai sanyin magana, wanda ko yaro ya gaishe shi sai ya tsaya ya amsa. Shi ya ɗauko ruwa, shi ke shiga gaba ya gwada dutse da ƙafa kafin ya ce ta taka. In wuri ya yi santsi sai ya miƙo mata bakin sandar da ya tsinta ta kama. Ya nuna mata ragowar wani tsohon gini na duwatsu, ya ce tsofaffi na cewa da can a sama mutanen garin suke zaune. Ya nuna mata wani kwarmi da ruwa ya taru a ciki, sanyi ƙalau, da bakin wani kogo da jemagu suka cika. Ya nuna mata manyan tsuntsaye suna shawagi can sama ba sa ko kaɗa fiffike.

Duk abin da ya nuna sai ta ce, “Allah Sarki, da kyau.”

Amma ba ta ganin komai. Wannan dutsen da Hamidu ya kamata ta hau shi. Shi ya ce zai kawo ta bayan biki, don a gindinsa ya yi kiwo yana yaro, ya san kowace hanya. Ya taɓa ce mata in mutum ya hau can ƙololuwa ya duba bayan gari zai hangi wasu giginyu biyu a tsaye su kaɗai, to nan ce rugarsu. Tun da ta sa ƙafa a kan dutsen babu abin da take so a duniya irin ta ga giginyun nan. Tana kewarsa har cikin ƙashinta, kuma ta gaji da yi wa kanta ƙarya a kan haka.

Sun fi awa ɗaya kafin su kai sama. Iska na kaɗawa da ƙarfi, sai da ta riƙe gyalenta da hannu biyu. Ikhlas na can gefe da sababbin ƙawayenta ana ta hoto.

Anwar ya tsaya yana nuna mata duniya. Can ga Gusau, kwanon rufinta na ƙyalli. Ga kwalta ta miƙe ta yi Tsafe, motoci a kai kamar ƙwari. Can kuma wajen Mada ne, duk gonakin gero da dawa. Ya yi ta magana har ya lura babu mai amsa masa.

Ta juya masa baya. Ta same su. Giginyu biyu, ga 'yan bukkoki a gindinsu, hayaƙi siriri na tashi, fararen shanu sun bazu. Ba ta san hawaye na zuba ba sai da ta ji gishiri a leɓenta.

Anwar ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zauna a kan wani falalen dutse, ya ajiye gorar ruwan a tsakanin ƙafafunsa.

“Muzdalifa, in mun koma gida mi za ki ce ma Baba Alhaji?”

“Zan ce to.”

“Da wannan fuskar?”

Ta share ido da bakin gyale. “Ita gare ni, Yaya Anwar. Ka yi haƙuri da ita.”

Ya ɗauki gorar ruwan ya sake ajiyewa. Da ya sake buɗe baki, ƙasa yake kallo.

“Ran da Baba ya tafi bincike, ni na tuƙa shi. Ina wurin.”

Ta juyo a hankali.

Ya ba ta labarin ba tare da ya ɗago ba. Ya ce dattijon ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo musu kindirmo, aka yi ta hira. Da Baba Jatau ya ambaci sunan Hamidu sai dattijon ya sunkuyar da kai ya ja malafarsa ya rufe rabin fuska, ya ce ai wannan ba nasa ba ne, na ƙaninsa ne. Duk mutanen da ke zaune a wurin suka yi murmushi, don kowa ya san abin da ake nufi.

“Hamidu ɗan fari ne, Muzdalifa. Kunyar ɗan fari ce kawai.”

“Ba ɗan fari ba ne.” Ta girgiza kai. “Yana da wa. Yaya Anas. Har gidanmu ya taɓa zuwa.”

“Anas ɗan baffansa ne. Gida ɗaya sunka tashi, shi ya sa yake ce mai Yaya.”

Ta zauna a inda take. Ta san al'adar, wa bai san ta ba? Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna nasa ne a gaban mutane, a ruga kuwa abin ya fi tsanani. Amma duk gidansu an ɗauka Hamidu na biyu ne, don haka ko sau ɗaya tunanin bai zo wa kowa ba.

“Baba Jatau ya sani?” ta tambaya.

“A mota har dariya ya yi, ya ce Fulani da kunya. Sai da munka kusa shiga Gusau ya ce abin da dattijon ya faɗa shi zai faɗa, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba.” Ya kawar da kai. “Don ni ya yi.”

“Kwana arba'in da ɗaya,” ta ce, kuka ya fara cin ƙarfinta. “Kana zuwa gidanmu, kana zama a falo, ina kawo maka ruwa. Kana kallo ina ramewa, Inna na cewa ciwon shawara ne ya kama ni. Kai kuwa ka san maganin yana bakinka.”

“Na sani.”

“Me na yi maka, Yaya Anwar?”

“Ba ki yi min komai ba. Son ki nake yi, tun kina sakandare. Na ɗauka in an kwana biyu za ki manta da shi, ni kuma in riƙe ki da kyau har ki ga ba ki yi asara ba. Kullum da haka nake lallashin kaina in samu barci.” Idonsa ya yi ja. “Yau na kawo ki kan dutse na nuna miki ƙasa duka, ke ko bukka kike nema.”

Ta rufe fuska da tafin hannu tana kuka. Haushinsa take ji, tana kuma jin tausayinsa, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

Da ta ɗan lafa ta ce ya zo su sauka ya faɗa wa Baba. Ya girgiza kai. Ya ce ya iya faɗa mata, amma ba zai iya tsayawa gaban Baba Alhaji ya tona wa ubansa asiri ba, ko da za a yanka shi. In kuwa ita ta faɗa, cewa za a yi so ne ya sa ta ƙaga wa ƙanin mahaifinta magana. Mutum ɗaya ne zai buɗe baki Alhaji ya yarda, shi ne wanda ya yi maganar tun farko, wato mahaifin Hamidu.

Ya zaro wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan dutse kusa da ita. Ya tashi ya tafi wajen su Ikhlas, bai waiwayo ba.

Ta dubi wayar. Ta yi wa Baba alkawari, kuma tun da take ba ta taɓa saɓa masa ba. Ta nemi gafarar Allah, ta ɗauka. Lambar na kanta, yatsunta ma sun san hanya.

Wayar ta yi ƙara sau huɗu.

“Salamu alaikum, wa ke magana?”

Ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai numfashi. A bayansa tana jin kukan maraƙi da muryar wata mata tana magana da Fillanci.

“Muzdalifa,” ya ce a hankali. Ba tambaya ba ce.

Nan kukan ya dawo sabo. Ya bar ta ta yi, bai ce ta daina ba. Da ƙyar ta tattaro maganar ta ba shi, tun daga zuwan Baba Jatau har abin da Anwar ya faɗa yanzu. 

“Wannan ne?” ya ce. “Wannan ne dalilin da kika ƙi faɗa min?”

“Na ji tsoron kada ya karya maka zuciya. Na ɗauka da gaske ya ƙi ka.”

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da maraba da kuka. “Da kin faɗa min a ranar, da kalma biyu sun kashe maganar. Ni kuwa ina nan ina bin kaina da tambaya, ko talaucina ne, ko warin shanu ne ya fara damun ki. Har Tsafe na nemi a mayar da ni aiki don kada in riƙa bi ta layinku.”

“Ka yafe min, Hamidu.”

“Me zan yafe? Tausayina kika ji.” Ya ja numfashi. “Muzdalifa, tun da aka haife ni mutumin nan bai taɓa kiran sunana ba. Kai yake cewa, ko wancan. Ran da na gama jami'a ya yanka bijimi, da aka tambaye shi dalili ya ce damina ce ta yi kyau. Haka yake so na. Ban taɓa shakka ba ko na rana ɗaya.”

Ta ce masa Baba na ƙarƙashin tsamiyar bayan gari, kafin la'asar za su tafi, da yamma kuma yana jiran amsarta a kan Anwar. Ta roƙe shi ya kawo mahaifinsa.

“Ba zai faɗa ba,” ya ce. “Shekararsa saba'in yana riƙe da al'adar nan, ita ce mutuncinsa a cikin mutanensa. Ban ma san yadda zan roƙe shi ba. Ni da shi ba ma zama a tabarma ɗaya.”

“To shi ke nan na rasa ka?”

Sai ya tambaye ta daga ina take kira. Ta ce daga kan dutse, tana kallon giginyunsu. Ta ji motsinsa, ta ji ya ture wani abu. Can ƙasa, wani ɗan farin ɗigo ya fito daga tsakanin bukkokin ya tsaya a fili. Ko shi ne ko ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Ta miƙe tsaye ta saki gyalenta iska na kaɗa shi.

“Ba na ganin ki,” ya ce. “Dutsen ya yi nisa. Amma ki ɗan ƙara tsayawa.”

Ta tsaya har katin wayar ya ƙare.

Saukowa ta fi hawa wuya. Suka tarar da Alhaji ya tara wasu dattijai biyu yana ba su labarin shekarar da aka kawo wa garin famfo. Aka yi azahar, aka ci nama, aka sha shayi.

Muzdalifa ba ta taɓa naman ba. Idonta na kan 'yar hanyar shanun da ta zagayo ta bayan dutse. Babu kowa a kai sai wata mai tallan nono, ita ma ta wuce.

Alhaji ya duba agogo ya ce a tattara. Ta naɗe darduma, ta warware wai ba ta naɗu daidai ba, ta sake naɗewa. Ta wanke kofunan shayi ɗaya bayan ɗaya kamar za a kai su gasa. Ta ce alwalarta ta karye, ta je ta sake. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Alhaji ya dube ta ta saman tabarau, ta san dabara ta ƙare.

Ta buɗe ƙofar mota, ta sa ƙafa ɗaya.

“Salamu alaikum.”

Wani dogon dattijo ne siriri, da malafa da sanda, takalmin robarsa duk taɓo. Yana haki, alamar da sauri ya yi tafiyar. Can nesa a bayansa, kusa da wani dutse, wani saurayi cikin farar riga ya ja ya tsaya, bai ƙaraso ba.

Hamidu ne. Ya rame. Wuyan rigarsa ma ya yi masa yawa.

Dattijon ya durƙusa, Alhaji ya ce a'a, ya sa aka sake shimfiɗa darduma suka zauna. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da dabbobi da ruwan bana, aka yi wa juna barka da Sallah. Anwar na tsaye jikin mota ya harɗe hannu, kansa a ƙasa.

“Sunana Mahadi,” in ji dattijon daga ƙarshe. “Kwanan baya anka turo wani bawan Allah wurina, kan maganar wani yaro.”

Fuskar Alhaji ta canza. “Ni na turo shi.”

“To, yaron ga ba shi da aibu, Alhaji. Ƙanena ya riƙe shi, ya sa shi makaranta. Bai taɓa ɗauko muna abin kunya ba.”

“Wanga duk na ji, Malam. Ɗiya zan bayar, ba akuya ba. Abin da nika son ji guda na. Ɗan wa ne?”

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya kama tona ƙasa da gindin sandarsa. Ya buɗe baki ya rufe. Zufa ta keto masa daga ƙarƙashin malafa ta bi ta cikin gemunsa. Tsoho ne da ya kwana a daji da kura, yau kalma ɗaya ta gagare shi.

Alhaji ya dube shi. Ya ɗaga kai ya dubi saurayin da ke tsaye can nesa, ya dubi dogon wuyan da faɗin goshin, ya sake duban dattijon. Ya daɗe a haka. Sannu a hankali ya cire tabaransa.

“Subhanallahi,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Malam, na fari ne?” Ya ɗaga hannu da sauri. “Bari, bari. Na gane. Kada ka faɗi, ban da hakkin in sa ka.”

“A'a, Alhaji.” Dattijon bai ɗago ba. “Yaron bai roƙe ni ba. Bayan garke ya tsaya yana gaya ma ƙanena, bai san ina ji ba. Ban taɓa jin kukanai ba tun yana goye, sai yau. Shiruna ya ja mai wanga. Tunda na taso, sai na hwaɗi.”

Ya ajiye sandar a ƙasa. Ya tuɓe malafar ya ɗora a kanta. Da ya yi magana, har can wajen dutsen an ji muryarsa.

“Hamidu ɗana ne. Ni na haife shi. Shi ne na farko da Allah ya ba ni.”

Can nesa, Hamidu ya dafa dutsen da ke kusa da shi. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa cikin farar rigarsa ta Sallah, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza. Shekararsa talatin da ɗaya, yau ya fara jin yadda sunansa yake a bakin ubansa.

Muzdalifa ta toshe bakinta da gyale. Abin da ta roƙa ke nan, ta kuma samu. Amma da ta ga yadda dattijon ya lalubi malafarsa ya ja ta har kan hanci, ya tashi ba tare da ya iya duban kowa ba, sai ta ji kamar tufafinsa ta sa aka tuɓe masa a kasuwa. Tana so ta ruga wajen Hamidu, tana so ta durƙusa ta ba tsohon haƙuri, ba ta da ikon yin ko ɗaya.

Alhaji ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun dattijon da hannu biyu, ya raka shi 'yan taku. Abin da suka ce wa juna babu wanda ya ji. Da ya dawo bai dubi 'yarsa ba. Gaban Anwar ya tsaya.

“Ran nan wa ya tuƙa Jatau?”

“Ni ne, Baba.”

Alhaji bai ƙara tambayar komai ba. Ya ce kowa ya shiga mota.

Yayyafi ya fara sauka suna hawa kwalta. Muzdalifa ta juya tana leƙe ta gilashin baya. Dattijon na tafe a gaba, ɗan na biye can baya, da tazarar nan tasu a tsakani, har kwana ta ɓoye su.

Can suka hango ƙofar shiga Gusau. Sannan Alhaji ya yi gyaran murya.

“Muzdalifa.”

“Na'am, Baba.”

“Amsar da na ce ki ba ni yau, riƙe abarki.”

Ya mayar da hularsa ka, ya daidaita ta da hannu biyu kamar mai shirin shiga ofis.

“Anwar, ba gida za mu ba. Kai ni wurin ubanka.”

Anwar ya rage gudu. Ya kunna sigina, ya karya kan motar.